Inshorar Kayan Ɗaukar Hoto: Yadda Ake Yin Ta da Yadda Ake Neman Diyya Idan An Yi Sata

A ci gaba da bayanan da wannan sashe yake kawowa domin wayar da kan jama'a, a wannan karo mun ga ya dace mu yi bayani a kan inshorar kayan ɗaukar hoto, musamman abin da ya shafi sata. Bayanin ya shafi masu sana'ar hoto da bidiyo da ke garuruwa da ƙauyukanmu, haka kuma ya shafi jami'an yaɗa labarai na ƙananan hukumomi da ma'aji da masu kula da sito, waɗanda aka damƙa wa amanar irin waɗannan kayayyaki na hukuma.

Kamar yadda kowa ya sani, a yau da wuya a yi biki ko suna ko walimar saukar Alƙur'ani ko naɗin sarauta ba a ga mai hoto yana kai da kawowa ba. Matasa da dama sun riƙi wannan sana'a, da ita suke ciyar da iyali, da ita suke biyan kuɗin makarantar ƙannensu. Sai dai kayan aikin nasu suna da wasu halaye da ɓarawo yake so: ba su da nauyi, suna da tsada, kuma ba su da wuyar sayarwa. Kyamara da idonta, wanda masu sana'ar suke kira lens, da filasha da batura da kwamfutar tafi-da-gidanka, duka jaka ɗaya take ɗauke su. Mutum ya shekara biyar yana tari, ko ya sayar da amfanin gona ko shanun noma ya haɗa jari, amma cikin ƙiftawar ido a wurin kamu ko a tashar mota a raba shi da komai.

Wani abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, duk waɗannan kayayyaki daga ƙasashen waje ake shigo da su, farashinsu kuwa yana bin dala ne. Kafin watan Yuni na 2023, lokacin da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira, ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan kimanin naira 460. A cikin shekarar 2024 sai da ta haura naira 1,400. Saboda haka wanda ya sayi kyamara a 2021 ko 2022, idan ta salwanta, kuɗin da ya saye ta da su ba za su mayar masa da irinta ba.

Mece ce inshora, kuma wa yake kula da ita?

Inshora yarjejeniya ce tsakanin mai kaya da kamfani. Mai kaya yana biyan wani ƙayyadadden kuɗi, galibi sau ɗaya a shekara, kamfani kuma ya ɗauki alkawarin biyan diyya idan wata asara da aka ambata a cikin takardar yarjejeniya ta auku. Muna roƙon mai karatu ya lura da wannan kalma, wato asarar da aka ambata. Kamfani ba ya biyan kowace irin asara, sai wadda ya sa hannu a kanta. Mafi yawan saɓanin da ake samu tsakanin jama'a da kamfanonin inshora daga nan yake tasowa.

Inshorar da mutanen karkara suka fi sani ita ce ta mota, wadda doka ta tilasta, wadda kuma kuɗinta na ƙananan motocin gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a watan Janairu na 2023. Wannan inshora tana biyan ɓarnar da mai mota ya yi wa wani ne kawai. Ba ruwanta da jakar kyamarar da aka ɗauke daga cikin motar. Inshorar kayan hoto dabam take, kuma ba tilas ba ce, ganin dama ne.

Hukumar da ke sa ido a kan harkar inshora a Nijeriya ita ce Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NAICOM. An kafa ta a 1997, babban ofishinta yana Abuja. Ita ke ba kamfanoni da dillalan inshora lasisi, ita kuma ke karɓar koke-koken jama'a. Shekara da shekaru an yi ta aiki da Dokar Inshora ta 2003, har zuwa shekarar 2025 da shugaban ƙasa ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbinta. Sabuwar dokar ta ɗaga jarin da ake buƙata daga kamfanoni, ta tsananta a kan jinkirin biyan diyya, ta kuma tanadi asusun kare masu inshora idan kamfani ya durƙushe. Kafin a miƙa wa kowa kuɗi, wajibi ne a tabbatar sunan kamfanin yana cikin jerin waɗanda hukumar ta ba lasisi, jerin kuwa yana nan a shafinta na intanet. Wanda ba shi da halin dubawa, ya nemi jami'in yaɗa labarai na ƙaramar hukumarsa ya duba masa. An daɗe ana fama da takardun inshorar mota na jabu, ba kuma abin da zai hana masu wannan ɗabi'a su buga na kayan hoto.

Mun san akwai jama'a da yawa da suke ƙyamar inshora saboda dalilin addini. Ga irin waɗannan akwai tsarin takaful, wanda hukumar ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma yanzu akwai kamfanonin da ba sa yin komai sai shi. A wannan tsari, abin da kowa ya zuba gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, daga nan ake biyan wanda asara ta same shi. Kamfani wakili ne mai gudanar da asusun, ba a juya kuɗin a harkar da ke da riba ta ruwa, akwai kwamitin malamai masu sa ido, kuma idan an samu rara a ƙarshen shekara akan raba wa waɗanda suka cancanta. Amma dangane da sharuɗɗa da hujjojin da za mu yi bayani a ƙasa, takaful da inshorar da aka saba duk tafiyarsu ɗaya ce. Shi ma mai takaful sai ya kawo rasit da rahoton 'yan sanda.

Irin inshorar da ta dace da mai hoto

A nan ne ya kamata a natsu, domin a nan ake yawan yin tuntuɓe. Akwai inshorar fasa shago ko gida. Wannan tana biya ne idan ɓarawo ya shiga ginin da aka ambata a takarda da ƙarfin tsiya, wato ya karya ƙofa ko kwaɗo, ya fasa bango, ya ɓanɓare kwano, ko ya fita ta irin wannan hanya. Idan an bar ƙofa a buɗe an tafi masallaci, wani ya shiga ya ɗauki kyamara ya fita salin-alin, to a wurin kamfani wannan ba fasa shago ba ne. Haka kuma da zarar kyamara ta bar ginin, inshorar ba ta bi ta ba. To, mai hoto kuwa aikinsa a waje yake. Kyamarar da ke kwana a shago kullum ba ta kawo kuɗin cefane.

Wadda ta fi dacewa da shi ita ce wadda ake kira inshorar kowane irin haɗari. A cikinta ana rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa da samfurinsa da lambar jikinsa da kuɗinsa, kuma tana bin kayan duk inda aka kai su a cikin iyakar da aka amince. Takan haɗa sata da gobara da faɗuwa ta haɗari. Kuɗinta ya fi na ta farko, amma araha ba ta ado. Duk da sunanta kuwa, ita ma tana da abubuwan da ta keɓe, kuma shafin da aka jera su shi ne ya fi kowane shafi muhimmanci a cikin takardar.

Abin da aka fi keɓewa shi ne kayan da aka bari ba mai tsaro. Mai hoto ya ajiye jaka a ƙarƙashin rumfa ya tafi ɗaukar ango da abokansa, ya dawo ba jaka: kamfani zai tambaya, wa ka bar wa? Haka nan kayan da aka bari a cikin mota. Wasu takardu ba sa biya sam, wasu kuma suna biya idan kayan suna cikin but a kulle, ba a ganinsu daga waje, kuma akwai alamar an fasa. Jakar da aka ɗaure a bayan babur aka shiga kasuwa kuwa, ba ma sai an faɗa ba.

Sai kuma satar cikin gida. Abin da yaron shago ko ɗan koyo ko wani daga cikin iyali ya ɗauka, galibi ba ya cikin inshorar sata. Ga ma'aikata akwai wata inshora dabam ta rashin amanar ma'aikaci, wadda ake saya daban. Haka kuma batun aro da haya. Al'adar masu hoto ce su ara wa juna kyamara ko su bayar haya idan ayyuka sun yi karo, wannan kuwa zumunci ne mai kyau. Amma idan wanda aka ba ya gudu da ita, kamfani zai ce da hannunka ka miƙa, sai fa idan tun farko an shaida masa ana bayar da haya ya kuma rubuta amincewarsa.

Akwai wasu guda uku da suka shafi yankinmu kai tsaye. Na farko tarzoma da hargitsi: asarar da ta auku cikin rikicin taron siyasa ko zanga-zanga a keɓe take, sai an nemi a ƙara ta an biya ƙarin kuɗi. Duk mai ɗaukar tarukan siyasa ya yi wannan tambaya. Na biyu fashi da makami a kan hanya. Kada a ɗauka yana ciki, a nemi a gani a rubuce, a kuma tambayi yadda takardar ta bambanta fashi da ta'addanci, domin shi ta'addanci keɓe shi ake yi. Na uku iyakar ƙasa. Idan takarda ta ce cikin Nijeriya, to wanda aka gayyata ɗaukar biki a Maraɗi ko Damagaram ya fita daga ƙarƙashinta da zarar ya tsallaka iyaka. Jami'in da zai bi alhazai ƙasa mai tsarki da kyamarar hukuma, shi ma a nemi a faɗaɗa masa kafin tafiya.

A ƙarshen wannan ɓangare, a sani cewa inshora tana biyan kuɗin kyamara da memori ne, ba ta biyan hotunan da ke ciki. Hotunan bikin mutane idan sun tafi sun tafi, kuma ba wani kamfani da zai je ya ba iyayen amarya haƙuri a madadinka. A riƙa juye aiki a wani wuri a daren da aka ɗauke shi, kada kuma a ajiye abin da aka juye a jaka ɗaya da kyamara.

Nawa za a rubuta?

Wasu sukan rage kuɗin kayansu a takarda domin abin da za su biya ya yi sauƙi. Wannan dabara ce da take komawa kan mai ita, saboda akwai sharaɗin da ya ce idan an yi inshorar kaya a ƙasa da darajarsu, to diyya ma za a rage ta daidai gwargwado. Ga misali. A ce kayan mutum gaba ɗaya sun kai naira 2,000,000 a kasuwar yau, amma ya yi musu inshora a dunƙule a kan naira 1,000,000, wato rabi. Aka sace masa kayan naira 800,000. Kamfani ba zai biya 800,000 ba, ko da yake ba su kai miliyan ɗayan da aka rubuta ba. Rabi zai biya, naira 400,000, domin a ganinsa mai kayan shi ya ɗauki nauyin ɗaya rabin da kansa. Ba sai mutum ya yi niyyar ragewa ba ma: wanda ya rubuta farashin 2022 ya ci gaba da sabuntawa a haka, tashin dala kaɗai ya jefa shi cikin wannan hali. Saboda haka duk lokacin sabuntawa a tambayi farashin kasuwa a gyara.

Bayan wannan akwai wani kaso da ake cirewa daga kowace diyya, wanda mai kaya yake ɗauka da kansa. Wani lokaci adadi ne tsayayye, wani lokaci kashi kaza cikin ɗari. Idan a misalinmu kason naira 50,000 ne, abin da zai shiga hannun mutumin naira 350,000 ke nan. Sannan a tambaya tun farko: idan an sace, sabuwa za a biya, ko kuwa za a cire tsufa? Asalin ƙa'idar inshora ita ce a mayar da mutum inda yake kafin asara, ba a ɗaga shi sama da nan ba. Don haka kyamarar da ta shekara huɗu tana aiki, kuɗin mai shekara huɗu za a biya, sai idan takarda ta faɗi ƙarara cewa sabuwa za a maye da ita.

Game da cika fom, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan an taɓa yi maka sata, ka faɗa. Idan da kayan kake neman abinci, kada ka rubuta cewa na amfanin gida ne. Idan ƙofar shagon ta katako ce, kada ka ce ta ƙarfe ce, idan ba mai gadi kada ka ƙirƙiro shi. Kamfani yana da ikon soke yarjejeniya idan ya gano an ɓoye masa wani muhimmin abu, kuma ba ya ganowa sai ranar da aka zo neman diyya. Wanda ba ya karanta Turanci ya je da wanda ya amince da shi, kada ya bar wakilin kamfani ya cika masa yadda ya ga dama, domin sa hannun da ke ƙasa nasa ne. Haka kuma a tuna da ƙa'idar nan da aka fara aiwatarwa gadan-gadan tun watan Janairu na 2013: idan ba a biya kuɗi ba, babu inshora. Alkawarin baki cewa za a kawo bayan kasuwa ba ya aiki. A biya ta asusun kamfani ko na dillali mai lasisi, ba asusun wani mutum ba, a karɓi rasit da takardar yarjejeniya, a kuma rubuta ranar ƙarewarta a inda ido zai riƙa gani.

Shirin neman diyya tun kafin a yi sata

Ranar da aka yi sata, kamfani zai nemi a tabbatar masa da abu uku: cewa kayan sun wanzu kuma naka ne, cewa kuɗinsu ya kai abin da ka faɗa, da kuma cewa an sace su ta hanyar da takarda ta ƙunsa. Biyun farko ba a iya haɗa hujjarsu bayan kayan sun tafi.

A sami littafi guda a rubuta kowane abu: sunan kamfanin da ya ƙera, ko Canon ne ko Nikon ko Sony, da samfuri, da lambar jiki, da ranar saye, da wurin saye, da kuɗi. Lambar kyamara galibi tana ƙarƙashinta, kusa da inda ake ɗaura ta a kan ƙafa. Kowane ido yana da tasa lambar dabam, haka filasha, haka kwamfuta. Wannan ya kamata a jaddada, domin sau da yawa ido mai kyau ya fi jikin kyamarar tsada, amma shi ne ake mantawa. A ɗauki hoton kowane abu da waya, a ɗauki hoton lambar yadda za ta karantu, a adana kwali da katin garanti. Rasit ɗin da inji yake bugawa a siririyar takarda yana gogewa cikin 'yan watanni, musamman da zafin bazara, don haka a yi masa kwafi tun yana sabo.

Mun san mafi yawan masu hoto a karkara na hannu suke saye, daga abokin sana'a ko daga 'yan kasuwa a Kano ko Legas. Wannan bai hana inshora ba. A rubuta takardar ciniki mai ɗauke da sunan mai sayarwa da lambar wayarsa da lambar jikin kayan da kuɗin da aka biya, shaidu biyu su sa hannu. Idan ta banki aka tura kuɗin, a adana shaidar turawa. Wannan takarda tana da amfani na biyu: karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokokin hukunta laifuffuka na jihohin Arewa, kuma ita ce za ta wanke mai saye idan wata rana aka biyo sawu. Wanda rasit ɗinsa ya riga ya ɓata, ya shaida wa kamfani tun ranar shiga, ya nemi a zo a ga kayan a amince da kuɗinsu a rubuce.

Akwai wata hujja da masu hoto da yawa ba su san suna da ita ba. Kyamarorin zamani suna rubuta wasu bayanai a cikin kowane hoto, kamar samfurin kyamara da rana da lokaci, da yawa daga cikinsu har da lambar jiki. Tsohon hoton da aka ɗauka da kyamarar zai iya nuna cewa tana hannunka a rana kaza. Amma sai hoton asali, kamar yadda ya fito daga memori. Wanda aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto ko aka sauko da shi daga Facebook an riga an goge masa waɗannan bayanai.

Duk waɗannan takardu kada su zauna a shago tare da kayan. Kwafi ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa, ɗaya kuma a cikin imel. Idan an sayi sabon abu a tsakiyar shekara, a sanar da kamfani a ƙara shi cikin jeri, in ba haka ba ba ya ciki.

Ga ƙananan hukumomi, nauyin ya fi haka, domin dukiyar jama'a ce. Wajibi ne kowace kyamara ta shiga littafin sito da lambarta, a yi mata alamar hukuma, kuma duk jami'in da zai fita da ita ya sa hannu a fita da dawowa. Inda aka saba kyamarar ofis ta riƙa kwana a gidan jami'i, ko a ara wa wani ya ɗauki bikin ƙanwarsa, to a sani takardar inshora ba ta san da wannan ba. A ganinmu, irin wannan sakaci ya fi ɓarawon waje cin kayan hukuma. Inshorar a yi ta da sunan ƙaramar hukuma, a sa kuɗin sabuntawa cikin kasafin shekara, takardun su zauna wurin ma'aji.

Idan abin ya auku

Kada a taɓa komai tukuna. Karyayyen kwaɗo, ƙofar da aka ɓalle, ramin da aka haƙa a bango, gilashin motar da aka fasa, duka a ɗauki hotonsu kafin a gyara, a kuma ajiye kwaɗon. Idan dole ne a gyara ƙofa a daren saboda sauran kaya, a gyara bayan an ɗauki hoto, a karɓi rasit daga mai walda ko kafinta, domin shi ma kare sauran kayan sharaɗi ne a kan mai inshora.

A kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa da inda abin ya faru a ranar, a ba su jerin kayan da lambobinsu, a tabbatar an shigar cikin littafi, sannan a nemi rahoto a rubuce. Sanar da mai unguwa da dagaci da 'yan sintiri abu ne mai kyau, sau da yawa ma ta nan ake samun labari, amma kamfani rahoton 'yan sanda yake nema. Wani lokaci akan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu. A rubuta sunayen waɗanda suka gani ko suka fara isowa wurin tun ba a manta ba. Yana da kyau kuma a rarraba lambobin ga ƙungiyar masu hoto da masu gyaran kyamara, domin kayan sata a hannunsu suke ɓullowa.

Kamfani kuwa a sanar da shi nan take. A buga waya, amma a bi da rubutu, ko wasiƙa ko imel, a riƙe kwafi mai kwanan wata. Kowace takarda tana da wa'adin sanarwa da wa'adin kawo cikakken bayani, wani 'yan kwanaki ne kawai. Mutanenmu sukan ce bari a gama cigiya, a yi addu'a, a jira ko za a dawo da kayan, sai bayan wata guda a tuna da kamfani. Cigiya da addu'a ba su hana sanarwa ba, jinkiri kuwa yana iya sa a ƙi biya. Jami'in hukuma, ban da wannan, sai ya rubuta wa shugaban sashensa rahoto a ranar, domin a sanar da ma'aji da mai binciken kuɗi kamar yadda ƙa'idojin kuɗi suka tanada.

Kamfani zai ba da fom na neman diyya, idan asarar tana da yawa kuma zai turo mai ƙiyasta asara. Wannan ƙwararre ne mai lasisi, aikinsa ya ga wurin, ya yi tambayoyi, ya duba takardu, ya rubuta wa kamfani abin da ya dace a biya. Kamfani ke biyansa, ba mai kaya ba. A ba shi kwafi, a riƙe na asali, a rubuta abin da aka miƙa da ranar da aka miƙa. Bayanin da aka yi masa ya zama daidai da wanda aka yi wa 'yan sanda. Kada a ƙara ko batir ɗaya da ba a sace ba, domin ƙarya a abu guda tana iya rushe neman gaba ɗaya, ta kuma kai mutum gaban alƙali. Akan nemi takardar farashi daga masu sayar da irin kayan, don haka a samo daga shago biyu ko uku.

Idan an daidaita, za a kawo takardar sallama mai ɗauke da adadin da za a biya. Sa hannu a kanta yana nufin an amince da adadin a matsayin biya na ƙarshe. A karanta, a nemi a nuna yadda aka yi lissafi: nawa aka cire na tsufa, nawa na kason mai kaya, nawa na ƙarancin inshora. Idan akwai abin da bai gamsar ba, a yi magana a rubuce kafin sa hannu, ba bayansa ba. Bayan an biya, a tuna cewa sabuwar kyamarar da aka saya tana da sabuwar lamba, sai an shigar da ita cikin takarda.

Idan daga baya 'yan sanda suka gano kayan, wajibi ne a sanar da kamfani. Tun da ya biya, kayan sun zama nasa, sai dai a daidaita mai su ya mayar da kuɗi ya karɓi abinsa. Ba a haɗa diyya da kaya a hannu ɗaya, haka nan wanda ya yi inshorar kyamara ɗaya a kamfani biyu ba zai karɓi biya biyu ba, kamfanonin ne za su raba asarar a tsakaninsu.

Wanda aka ƙi biyansa, ko aka yi ta ja masa rai, ya nemi kamfani ya ba shi dalili a rubuce, ya kai kuka sashen koke-koke na kamfanin. Idan ta hannun dillali ya shiga, bin wannan magana aikin dillalin ne. Idan ba a samu biyan buƙata ba, sai a rubuta wa sashen karɓar koke-koke na NAICOM, a haɗa da kwafin takardar yarjejeniya, da rasit ɗin biya, da rahoton 'yan sanda, da duk wasiƙun da aka yi musaya, a jere bisa kwanan wata. Hanyar kotu tana nan a buɗe bayan wannan, amma a duba takardar tukuna, domin wasu sun shar'anta a fara zuwa gaban mai sasantawa idan saɓanin a kan adadin kuɗi ne, wasu kuma sun sa wa'adin da za a shigar da ƙara bayan ranar da kamfani ya ƙi biya.